Damin da Manzo Ya Mayar

A Tungar Zaidu, wani ƙauye da ke gefen hanyar Filinge, in ka ce kana neman Manzo sai an tambaye ka wanne, don masu sunan suna da dama. Amma ka ce Manzon Minista, ko ƙaramin yaro zai nuna maka gidan. Ba su haɗa uwa ba, ba su haɗa uba ba, ko a kakanni ba su gamu ba. Abin da ya haɗa su benci ne. Lokacin da aka kwashi yara aka kai lakwal, wato makarantar boko, a Filinge, an zaunar da Manzo da Abdulrazak, wanda daga baya ya zama Ministan, a benci guda, suka yi aji biyu tare, sannan uban Manzo ya je ya roƙi mushe, wato malaminsu, ya sakar masa ɗansa, don aikin gona ya fi ƙarfinsa shi kaɗai. Iyakar zumuncin ke nan. Amma a kan wannan benci Manzo ya zauna har furfura ta fito masa.

Gonar da aka fid da shi daga lakwal dominta kuwa ba ta wasa ba ce. A kwari take, inda ruwa ke kusa, da ka yi haƙa kaɗan sai laima. Shekarar da hatsin tudu ya ƙone, na kwari yakan fid da zangarniya. Ita ta ciyar da kakansa, ita ta ciyar da ubansa, da hatsinta aka yi masa auren Lailatu, kuma in ka cire ta Manzo ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa a duniya.

Shi kuwa Abdulrazak ya yi gaba. Ya yi karatu a Yamai, ya zama malamin lakwal, ya ga alli ba ya sa mutum ƙiba, sai ya faɗa siyasa. Baki kam Allah ya ba shi, wannan ba mai hana shi. Yakan hau bayan mota ran kasuwa ya yi ta magana a kan ƙishirwar ƙasarsu ta Kurfai har tsofaffin mata su share hawaye, alhali ruwan da yake kurɓa tsakanin magana daga Yamai aka zo da shi cikin kwalba. Aka zaɓe shi depite, wato ɗan majalisa. Da jam'iyyarsa ta sha ƙasa, ba a gama shagalin nasara ba aka gan shi da hular waɗanda suka ci, yana rawa ya fi su. Aka ba shi minista. Ya zaga ma'aikatu ba ɗaya ba, ba biyu ba, kuma duk wadda ya bari abin da ake tuna shi da shi bai wuce ya sake labule da kujerun ofis ba. Famfon da ya yi wa Tungar Zaidu alkawari tun yana neman depite, har yau mata guga suke ja a tsohuwar rijiya.

Duk inda ya juya, Manzo na biye. In Minista ya sake hula, Manzo ya sake. In aka zagi Minista a tasha, ranar sai an riƙe Manzo. Ba ya iya sayen goro bai sako zancen ba: "Ai ni da shi benci guda." Abin da ya samu a wannan bauta, riguna ne masu hoton fuskar Minista, da alkawarin kujerar Makka, wadda kullum baɗi ce in Allah ya kai mu. Manzo yana son a kira shi Alhaji, so mai tsanani, har yakan gwada sunan a bakinsa in yana noma shi kaɗai.

To, a ƙasar nan akwai yadda ake aron gona, kuma ko jariri da shi yake tashi. In ka ba mutum aron gona, kowace kaka zai kawo maka dami guda na hatsi a gaban mutane. Ba don damin zai cika maka rumbu ba, a'a, shaida ce cewa ƙasar taka ce, shi baƙo ne a kanta. Kuma mai aro ba ya dasa itace, ba ya gina rijiya, don itace da rijiya na mai ƙasa ne. Manzo ya san wannan sarai. Da bakinsa ya sha ba da shaida a kan gonakin wasu.

Shekarar da Abdulrazak ya fara zama minista, sai ya ga ya kamata bikin dashen itatuwa na ranar samun ƴancin kai ya same shi a mahaifarsa, a ɗauke shi a talabijin yana tsugune cikin ƙasa kamar talaka. Aka aiko wa mai gari Yakubu cewa a nemi fili kusa da hanya, inda motoci za su iya shiga. Mai gari ya tara mutane ya ce akwai filin gari can kan tudu, ba na kowa ba ne, a ba su shi. Bai rufe baki ba Manzo ya miƙe.

"Tudu? Minista guda za a kai tudu shi yi dashe cikin tsakuwa? Ga gonata a kwari!"

Mai gari ya dube shi. Tsoho ne, abokin uban Manzo, tare suka yi ƙuruciya.

"Manzo, itace fa za a dasa."

"Na sani, Baba. Gefe guda ne kawai."

"To faɗi a gaban jama'a cewa aro ne, kowa shi ji."

Manzo ya yi dariya, irin ta wanda ya ga ƙauyanci. "Haba Baba! Tsakanina da Minista har akwai zancen aro?"

Ranar biki aka tuge hatsin gefen hanya, hatsi ya kai gwiwa, aka kafa rumfa. Minista ya iso cikin jerin motoci, aka miƙa masa shebur da aka shafa wa fenti, ya dasa ɗan mangwaro guda, ya riƙe shi har mai ɗaukar hoto ya ce ya isa. Aka zuba masa ruwa ya wanke hannu. Sannan ya karɓi lasifika, ya nuna Manzo da yatsa ya ce, "Ga ɗan'uwana, abokina na lakwal." Wayyo Manzo! Ranar ko tuwo bai iya ci ba don daɗi, ya yi ta tambayar Lailatu ko ta ji, ita kuwa ta ce ta ji, har awakin gari sun ji.

Kowa ya san makomar itatuwan biki. Ana watsewa awaki ke yin nasu bikin, kafin sati ya zagayo babu ko ganye. Da Manzo ya bar awaki sun yi aikinsu, da yau yana cikin gonarsa. Ina! Ya saro ƙaya ya kewaye kowane dashe. Da rani ya yi ta jigilar ruwa a kan jaki, safe da yamma, yana jifan duk akuyar da ta kuskura ta leƙo. A duk faɗin Kurfai babu dashen biki da ya rayu kamar wannan. Da labari ya kai Yamai, Minista ya ji daɗi ƙwarai, don ya samu abin nuna wa baƙi. Da shekara ta zagayo aka aiko da wasu mangwaron da lemu, gefe guda ya zama rabin gona. Daga baya aka zo aka gina rijiya ta siminti a tsakiya. Manzo ne ya nuna inda za a haƙa.

Minista yana da kawu a garin, Baba Kailu, tsoho mai tsoron Allah wanda bai taɓa sa rigar jam'iyya ba. Abin ya dame shi. Da kaka ta yi, ya zaɓi dami mai kyau daga rumbunsa, ya ɗora wa jaki, ya kora shi har ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, lokacin da mutane ke fitowa.

"Manzo, ga damin gonarka," in ji shi da ƙarfi don kowa ya ji. "A madadin ɗana Abdulrazak. Jama'a ku shaida."

Wani mai hankali da sai ya karɓa ya yi godiya, ya je ya kwana da daɗi. Manzo kuwa fuskarsa ta murtuke, kamar an watsa masa ruwan wanki. Shi a ganinsa an mayar da shi bare, an sa shi layi ɗaya da masu ba da aro suna jiran dami.

"Baba Kailu, mi na yi maka za ka kunyata ni? Ni in karɓi dami a hannun Minista? Abin da ke nawa ai nasa ne!"

Ya kama jakin da kansa ya juya shi, ya dake shi a gindi. Baba Kailu ya ce, "Yaro, ka karɓa." Mai gari ya ce, "Manzo, ka karɓa." Liman ma ya sa baki. Manzo ya kaɗa riga ya tafi yana huci, ya bar tsoho da jakinsa a tsaye. Baba Kailu bai sake kawowa ba, kuma bai daɗe ba ya riga mu gidan gaskiya.

Abin bai tsaya nan ba, don wauta in ta samu wuri ba ta zama da ƙafa ɗaya. Manzo ya ga bai dace babban mutum ya rasa furar hatsin gida ba. Saboda haka kowace kaka, daga ɗan hatsin da yake shukawa tsakanin itatuwa, yakan zaɓi damin da ya fi kowanne, ya ɗauka a kansa ya ratsa gari da shi, ya kai gidan Minista. In an tambaye shi ina zuwa sai ya ɗaga murya: "Damin Minista zan kai!" Ran kasuwa kuma yakan tsaya tasha sai ya ga an ɗora shi a motar Yamai.

Lailatu ta yi magana har ta gaji. Mace ce mai haƙuri amma ba ta da rufa-rufa.

"Malam, hatsin bana bai kai na bara ba. Inuwa ta cinye gonar."

"Ke mi kika sani? Mangwaro ai arziki ne."

"Arzikin wa? Ni dai ban taɓa ganin kwandonsa ya shigo gidan nan ba, mota ke zuwa ta kwashe. Kuma mutum shi ɗauki dami shi kai wa wani daga gonar ubansa, wannan a garinmu sunansa daban."

"Gaisuwa ce!"

"Allah shi sa can ma gaisuwa suke kiranta."

Sai ya ce mata in ya dawo daga Makka za ta san abin da yake yi. Ta ce to, Allah ya kai shi lafiya, ta ci gaba da tankaɗe.

Ana nan, wata safiya rediyo ya kama kiɗan soja. Kafin azahar an ce babu gwamnati. Minista ya ɓace, wasu suka ce yana tsare, wasu suka ce ya tsallaka iyaka cikin shigar mata, Allah kaɗai ya san gaskiya. Manzo ya rame. Ya sa aka yi ta addu'a, ya yanka zakaransa ya yi sadaka. Da ƙura ta lafa sai ga Abdulrazak ya dawo Tungar Zaidu da farin gemu da dogon carbi, yana tafiya a hankali kamar wanda bai taɓa hawa bayan mota ya yi ihu ba. Ya ce ya bar siyasa har abada, shi dama manomi ne ɗan manomi, ya dawo ga ƙasa. Sababbin masu mulki dai ba su neme shi ba, shi ya sa. Gidajensa na Yamai an rufe su ana bincike, abin da ya rage masa a sarari shi ne lambun nan na kwari.

Manzo ya yi murna har da hawaye. Ga abokinsa ya dawo, za su zauna inuwar mangwaro su tuna lakwal. Bai ga komai ba da aka kawo waya aka kewaye gonar gaba ɗaya, har ya taya kafa turaku. Sai da rani ya yi nisa, ya ɗauki gatari zai je sassabe, ya tarar da ƙofar ƙarfe da kwado, da wani baƙon mutum zaune a kan kujera. Mutumin ya ce Alhaji Abdulrazak ya ce bana ba za a shuka hatsi a lambu ba, za a sa albasa da injin ban ruwa.

"Wane lambu? Gonata ce!"

"Ni dai gadi aka ɗauke ni," in ji mutumin.

Manzo ya juya da gatarinsa. Ya je gidan Minista aka ce yana barci. Ya koma aka ce yana lazimi. Da ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, ya kai ƙara wurin mai gari, yana tafiya yana jin kunya, wai shi ne yau ke ƙarar abokinsa.

Aka taru a rumfar mai gari. Abdulrazak ya zo da kansa, ya cire takalmi, ya ƙi kujera ya zauna a tabarma, ya gaida kowa da sunansa. Ai ya iya. Manzo ya yi bayani, ya kira sunan ubansa da na kakansa, ya ce kowa a nan ya san gonar.

"Kowa ya sani," in ji mai gari Yakubu. "Ba wanda ya ce ba ta ubanka ba ce. Abin da ake tambaya, aro ka ba da ko kyauta?"

"Aro ne, Baba."

"Ranar da na ce ka faɗi haka a gaban jama'a, mi ka ce?"

Mai gari bai jira amsa ba ya ci gaba.

"Wa ya dasa itatuwan?"

"Shi ne, amma ni na yi ta ba su ruwa…"

"Wa ya gina rijiya? Ka hana?"

"Ban hana ba."

"An taɓa kawo maka dami?"

Rabin waɗanda ke zaune suna ƙofar masallaci ranar da aka juya jakin Baba Kailu.

Sai Abdulrazak ya yi gyaran murya, cikin ladabi, yana jan carbi. Ya ce shi wallahi bai so abin ya kai haka ba, Manzo ɗan'uwansa ne. Ya ce tun da aka ba shi wurin bai taɓa hana Manzo shuka hatsi a ciki ba, saboda zumunci. "Kuma in faɗi gaskiya, ya riƙe amana. Babu kakar da ta wuce bai kawo mini damina ba. Da kansa yake ɗaukowa, jama'a sun gani."

Sai a lokacin Manzo ya gane abin da ya yi ta ɗauka a kansa yana ratsa gari da shi. Ya dubi mutane ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda zai ce gaisuwa ce. Wa zai ce? Duk sun ji shi da kunnensu yana kiransa damin Minista. Waɗanda ya yi dambe da su a tasha suna nan, waɗanda ya kira ƴan ƙauye suna nan, kuma ko masu jin tausayinsa ba za su rantse a kan abin da ke cikin zuciyar wani ba.

Mai gari ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago idanunsa sun yi ja, don yana tuna abokinsa da ya mutu ya bar wa wannan sakarai ƙasa mafi kyau a garin.

"Manzo, ni ban karɓe maka gona ba. Jama'a ba su karɓe maka ba. In na ce taka ce, gobe duk mai aro a garin nan zai ce daminsa gaisuwa ce, duk mai kyauta zai ce shi aro ya ba da. Ba ni da abin da zan kama in ba ka."

Aka shafa fatiha. Da za a tashi, Abdulrazak ya dafa kafaɗar Manzo ya ce kada ya damu, in mangwaro ya nuna ya riƙa zuwa yana ɗiban na yara.

Ruwan farko ya sauka da asuba, mai yawa, irin wanda ke jiƙa ƙasa har ƙasa. Gari ya waye da ƙanshi, kowa ya fito, maza da sungumi a kafaɗa, mata da yara da ƙoren iri a hannu, ana ta yi wa juna barka da ruwa. Manzo ya tsaya a ƙofar gida. Masu wucewa suka gaishe shi da sauri, ba wanda ya tambaye shi ina za shi. Tun yana yaro bai taɓa ganin safiyar shuka daga ƙofar gida ba, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Can ya shiga ya ɗauko sungumi.

Lailatu ta shiga ɗaki. Ta ɗauko irin da ta ɓoye tun kaka, zangarniyar da aka zaɓa ɗaya bayan ɗaya, ta sussuke ta zuba a ƙwarya, ta bi bayansa.

Tsakanin wayar lambu da hanyar mota akwai ɗan siririn fili, bai fi a yi layi ɗaya ba. Nan Manzo ya fara sara. Yana sara yana tafiya, Lailatu na biye tana jefa iri tana rufewa da diddige. Ta cikin waya yana hango ƙasar da ya san kowane lungunta, ta sha ruwa ta yi baƙi. Ba su kai rabin layin ba mai gadi ya fito yana taku a hankali, shi ma abin bai yi masa daɗi ba.

"Malam Manzo, ka yi haƙuri. Alhaji ya ce kada a shuka komai a jikin waya, hatsi in ya tashi yana jawo dabbobi."

Manzo ya tsaya da sungumi a sama. Lailatu ta zuba masa ido, tana jira ta ji ko yau, ko sau ɗaya a rayuwarsa, zai buɗe baki ya faɗi abin da ya kamata. Ya sauke sungumin a hankali.

"To," in ji shi. "Ya tashi lafiya dai? A ce ina gaishe shi."

Lailatu ta mayar da irin da ke hannunta cikin ƙwarya, ta ɗora a ka, ta juya gida ba ta jira shi ba. Da hantsi, lokacin da garin ya zama ba kowa sai tsofaffi da kaji, aka ji daka na tashi daga gidan Manzo. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta leƙa ta kan darni ta ga abin da ke cikin turmin.

"Lailatu! Iri kike dakawa?"

"Iri ne, Inna," in ji ta, ba ta daina dakan ba. "Yara ba su karya ba."